Kundin Aikin Fim a kan Sistoci Biyu na Garin Pescia

20 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin gajeren fim ɗin da nake shiryawa yake tafiya, da abin da aka kashe, da abin da ya rage a yi. Fim ne na gwaji, baƙi da fari, wanda nake so kada ya wuce minti 18, kuma ya ginu a kan shari'ar Benedetta Carlini, shugabar wani gidan sistocin Katolika a garin Pescia da ke yankin Toskana na Italiya, wadda hukumomin Ikilisiya suka bincika tsakanin 1619 da 1623. An haife ta a 1590 a ƙauyen Vellano, can kan duwatsun arewacin Pescia, aka kai ta gidan sistocin tana da shekara 9 don cika alkawarin da mahaifinta ya yi wa Allah lokacin haihuwarta. Da ta girma ta fara cewa tana ganin wahayi, raunuka irin na gicciyen Yesu suka bayyana a jikinta, aka kuma yi bikin ɗaurin aurenta da Almasihu a watan Mayun 1619. Binciken farko, wanda babban limamin Pescia, Stefano Cecchi, ya jagoranta, bai kama ta da ƙarya ba. A bincike na biyu, na wakilan jakadan Fafaroma, wata ƙaramar sista mai suna Bartolomea Crivelli, wadda aka sa ta riƙa kwana ɗaki ɗaya da ita don ta kula da ita idan ciwon dare ya taso mata, ta shaida cewa shekara biyu suna tarayyar jiki.

Ni 'yar Katolika ce. Sistoci ne suka koya mini karatu a arewacin Najeriya, har yau kuma ina zuwa Mas, wato babbar ibadar Katolika, a nan birnin Firenze. An riga an yi fina-finai a kan wannan shari'a, har da wani babba mai tsada da ya fito a 2021, saboda haka labarin ba sabo ba ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne hanyar da labarin ya bi ya iso gare mu: duk abin da duniya ta sani game da sha'awar da ke tsakanin matan nan biyu ya fito ne daga bakin mace mai jin tsoro, tana amsa tambayoyin mazan da ke da iko da ita, wani namiji kuma yana rubutawa. Ina so in gwada ko za a iya yin fim da wannan shaida ba tare da kyamara ta zauna a kujerar masu binciken ba.

Kuɗin aikin gaba ɗaya Yuro 2,000 ne, waɗanda na tara daga aikin fassara. Na sayi naɗin fim na milimita 16 guda 10 a kan Yuro 580. Kowane naɗi ƙafa 100 ne, wato minti 2 da sakan 45 na hoto. Hayar tsohuwar kyamarar Bolex ta wata 2 ta ci Yuro 200, sinadaran wanke fim kuma Yuro 75. Kyamarar ba ta aiki da batir, da hannu ake murɗa ta, kuma murɗi ɗaya ba ya wuce sakan 28, don haka babu hoton da zai fi wannan tsawo a fim ɗin ba tare da yankewa ba.

24 ga Janairu

Takardun shari'ar suna ma'ajiyar takardun tarihi ta gwamnati da ke Firenze, cikin tarin takardun gidan sarautar Medici, inda masaniyar tarihi Judith C. Brown ta ci karo da su, ta kuma wallafa littafi a kansu a 1986. Wata ɗalibar tarihi da ta saba da rubutun hannun ƙarni na 17 ta zauna tare da ni tana karantawa ina saurare. Magatakardan mutum ne mai kyan rubutu, amma da aka kai inda Bartolomea take bayanin abin da ke faruwa a ɗakinsu da dare, sai rubutun nasa ya wargaje, yana soke kalmomi yana sake rubuta su, wasu ma ba sa karantuwa. Wannan rawar hannu ita ce abu na farko da na tabbata zai shiga fim ɗin.

Bartolomea ta ce tilasta mata ake yi. Benedetta ta ce ba ta tuna kome, domin a waɗannan lokutan wani mala'ika mai suna Splenditello ne yake shiga jikinta yana magana da bakinta. A ganina ba a ɗaukar ɗaya daga cikin maganganun biyu a matsayin gaskiya tsagwaronta, ba a kuma zubar da ita. A wancan zamani dokar da Sarki Charles na 5 ya kafa wa daularsa, wato Daular Roma Mai Tsarki, a 1532 ta yanke hukuncin ƙonawa ga macen da ta kwanta da mace, kuma malaman shari'a na Turai da dama suna kan wannan ra'ayi, saboda haka macen da ta ce da yardarta aka yi ta sa wuyanta a igiya ke nan. A ɗaya ɓangaren kuma, Benedetta shugabarta ce, wadda dukan gidan suke kallo a matsayin waliyyiya, kuma ƙaramar sista ba ta da bakin ce mata a'a. Mai yiwuwa ne an ƙware ta, mai yiwuwa ne ta so, mai yiwuwa kuma duka biyun sun haɗu a zuciya ɗaya. Wanda ya yanke mata hukunci a yau, ko don ya mayar da ita jarumar soyayya ko don ya mayar da ita abar tausayi, ya sake ƙwace mata magana.

Na yanke shawarar cewa Bartolomea ce za ta zama tsakiyar fim ɗin. Benedetta tana da wahayi da raunuka da taron jama'a. Ita kuwa shaidar nan ce kaɗai ta sa aka san ta rayu.

29 ga Janairu

Na shiga jirgin ƙasa mai zuwa Lucca, wanda ke bi ta Prato da Pistoia, na sauka a Pescia. Kogi ne ya raba garin gida biyu, kuma tun da can an san shi da sana'ar takarda da ta siliki. 'Yan matan gidan da Benedetta ta shiga ma da aikin siliki suke ciyar da kansu. Daga nan na hau bas zuwa Vellano ta hanyar Pietrabuona, inda tsofaffin masana'antun takarda suke a bakin ruwa. Vellano gidajen dutse ne a kan juna, da lunguna masu matakala, sanyi kuma yana ratsa ƙashi. Na naɗi ƙarar ruwa da ta ƙararrawar coci, ban taɓa fim ba, domin hasken ya yi rauni.

A hanyar dawowa na yi ta tunani a kan kulle. Majalisar Trent, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, ita ce ta umarta a 1563 cewa a tsare sistoci a cikin gidajensu, Fafaroma Pius na 5 ya ƙara tsananta dokar a 1566. Gidan Pescia ya samu cikakken kulle a 1620, kuma sistocin da kansu suka yi shekaru suna nemansa, domin shi ne shaidar cewa Ikilisiya ta karɓe su a matsayin gidan ibada na sosai. Dole fim ɗin ya riƙe wannan: bangon da ya tsare su shi ne kuma darajarsu.

Kuɗin mota Yuro 24, takardar hannu ta Pescia da za a yi rubutu a kai Yuro 18.

3 ga Fabrairu

An samu 'yan wasa biyu, ɗalibai ne, kuma sun yarda su yi ba tare da biya ba in dai za a ɗauki nauyin abinci da mota. Yadin ulu baƙi da farin lilin na lulluɓi sun ci Yuro 85, tela ya karɓi Yuro 60.

9 ga Fabrairu

An hana mu wurin da na ɗora rai a kai. Wani ƙaramin coci ne a wajen gari, mai tagar ƙarfe irin ta da, wadda sistoci suke tsayawa a bayanta su ji Mas ba tare da jama'a sun gan su ba. Na rubuta wa limamin wasiƙa na bayyana masa labarin ba tare da ɓoye kome ba, ya kira ni muka zauna a ofishinsa. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma ya karanta shafukan da na aika masa har da ja musu layi.

Ya fara da maganar lokaci. Tun da fadar Batikan ta fitar da sanarwar 18 ga Disamba, 2023, wadda ta ba limamai damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka ba tare da ɗaukar zaman nasu a matsayin aure ba, Ikilisiya take cikin hayaniya, kuma ya tuna mini cewa bishop-bishop na Afirka, har da na ƙasata, sun fito a watan Janairu sun ce ba za a yi hakan a wurinsu ba. Ya ce ba ya son cocinsa ya shiga bakin duniya. Wannan hujja ce da na fahimta, kuma haƙƙinsa ne. Sai ya ƙara da cewa: “'Yata, idan fim ɗin zai ƙare da tuba, zan buɗe miki ƙofa da hannuna.”

Na ce masa: “Fada, ai ta tuba. Rahoton ƙarshe na 5 ga Nuwamba, 1623 ya ce raunukan sun ɓace, ta yarda cewa Shaiɗan ne ya ruɗe ta, tana zaune cikin biyayya a ƙarƙashin sabuwar shugaba. Bayan wannan tuban ne aka kulle ta shekara 35.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai sa ni a addu'a, amma amsarsa ba ta canza ba.

Littafin koyarwar Ikilisiya na 1992 ya ce a sashe na 2357 ayyukan jinsi ɗaya karkatattu ne tun daga tushensu, a sashe na 2358 kuma ya ce a karɓi masu wannan hali da girmamawa da tausayi, a guji nuna musu bambanci na zalunci. Na ga sassan biyu a fuskar wannan dattijo a zama ɗaya, kuma ban yi shakkar cewa da zuciya ɗaya yake riƙe da kowannensu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sharaɗin: a ba mace damar bayyana a gaban bagade idan ta zo tana neman gafara, a rufe ƙofa idan ta zo da tambaya. Yanzu sai an nemi wani wuri, kuma saura mako 5 da 'yan kwanaki wa'adin kyamara ya cika.

14 ga Fabrairu

Larabar Toka, ranar da ake fara azumin Katolika kafin Ista. Bayan Mas ɗalibar tarihin nan ta kai ni wani tsohon ginin masana'anta da ba a aiki a cikinsa, mai ɗaki ɗaya da farar ƙasa a bango da taga guda can sama. Mai ginin ya yarda a kan Yuro 50 a yini, na biya na kwana 3. Babu tagar ƙarfe, saboda haka wani maƙeri zai ara mana ragar ƙofa mu rataya a gaban hasken, inuwarta ta faɗi a bango.

22 ga Fabrairu

Na ziyarci wata tsohuwar sista a wani gidan kulle, ta hannun wata da muke coci ɗaya. Ta shiga gidan tun kafin a rufe Majalisar Batikan ta Biyu, wani babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1965. Mun yi magana ta tagar ɗakin baƙi, ita a ciki ni a waje, hannuwanta a naɗe cikin hannun riga.

Na tambaye ta game da dokar hana abin da suke kira abota ta musamman. Ta ce a zamanin da take sabuwar shiga ba a yarda sistoci biyu su keɓe ba, ko a lambu ko a ɗakin ɗinki, sai da ta uku. Idan shugaba ta lura biyu sun cika neman juna, sai a raba musu aiki, ba tare da an taɓa faɗin dalili ba. Na san wannan doka tun kafin in san tarihinta, domin a makarantar kwana an hana mu zama biyu-biyu a gado ɗaya, kuma mu ma ba a gaya mana abin da ake tsoro ba. Haka yarinya take koyon cewa akwai wani abu a jikinta da ya yi munin da ba a ko ambatonsa.

Da na gama bayanin fim ɗin sai ta ce: “Ɗiyata, kada ki mayar da mu duka fursunoni. Ni da ƙafata na shigo, kuma da za a mayar da ni budurwa, nan zan sake zuwa. Idan kin nuna bango, ki nuna waƙa.” Na ce: “Uwa, na ji, kuma zan yi.” Ba don ladabi kawai na amsa ba. Fim ɗin da ya nuna addu'ar matan nan a matsayin mayafin da sha'awa take ɓuya a ciki ya raina su daidai da yadda masu binciken suka raina su, domin ya ɗauka cewa mace ba za ta iya son Allah da gaske ta kuma so mace da gaske ba.

Gyara biyu suka fito daga wannan ziyara. Za a ƙara 'yar wasa ta uku, wadda za ta kasance a gefen kowane hoto da ya haɗa biyun. Za a kuma ware naɗi ɗaya cur don addu'ar safiya da waƙa.

2 ga Maris

Yinin farko na ɗauka. Sanyi yana sa kyamarar jan ƙafa, don haka muna ajiye ta cikin riga har sai an shirya. Fuskoki ba sa fitowa gaba ɗaya, sai haɓa da wuya da hannuwa.

Mun ɗauki wurin da Bartolomea take sa hannu a haƙarƙarin Benedetta, kamar yadda ta shaida cewa ta yi a daren da Benedetta ta ce Yesu ya cire mata zuciya, ta kuma ce ta ji rami a wurin. Sannan muka ɗauki darasin rubutu, wanda shi ne ƙashin bayan fim ɗin, domin a cikin shaidar an ce Benedetta ta koya mata karatu da rubutu, kuma a lokacin darasin ma takan kusance ta. Takardar Pescia tana kan tebur, hannun babbar ya rufe na ƙaramar, babban yatsa a kan babban yatsa, alƙalamin yana tafiya a hankali yana fitar da harafin farko na sunayensu, wanda ɗaya ne. A tsakiyar harafin ƙaramar ta daina kallon takarda, hannun bai tsaya ba, tawada ta taru a ƙasan layi ta yi ɗigo. A bakin hoton ana ganin kafaɗar ta ukun. Kyamarar ta tsaya da kanta a sakan na 28, kuma babu wanda ya motsa a ɗakin sai da na yi magana.

4 ga Maris

An ɗauki addu'ar safiya da hannun magatakarda. An kuma ɗauki wurin allura ta ramin ƙofa, domin wasu sistoci sun shaida cewa sun leƙa sun ga Benedetta tana sabunta raunukanta da allura, wasu kuma suka ce da za'afaran take zana zoben aurenta a yatsa. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa bangaskiyarta ƙarya ce ba. A gidan da mace ba ta da izinin wa'azi, Benedetta ta yi wa 'yan uwanta wa'azi da muryar Yesu da ta mala'iku, kuma da muryar mala'ika namiji ta gaya wa Bartolomea cewa tana sonta. Hanya ɗaya ke nan da aka bar mata ta furta buƙata. Abinci da mota na kwanakin ɗauka sun kama Yuro 180.

11 ga Maris

Naɗi biyu sun lalace a wurin wanki, ɗaya daga cikinsu kuma shi ne na darasin rubutu.

Da hannu nake wanke fim ɗin a wani ɗakin duhu na haɗin gwiwa, kuma ƙa'ida ita ce dukan ruwan da zai taɓa fim ya tsaya kusa da digiri 20 a ma'aunin zafi. Naɗi 6 sun fito lafiya. Ana cikin ɗauraye na bakwai da na takwas tukunyar ɗumama ruwan ginin ta mutu, ruwan famfo ya koma ƙanƙara cikin ɗan lokaci, fatar fim ɗin da ta riga ta yi laushi a ruwan ɗumi ta tsuke farat ɗaya. Da suka bushe na duba da madubin ƙara girma, sai na ga dukan hoton ya tsattsage kamar ƙasar fadama a tsakiyar rani. Ana gane hannuwan, ana gane alƙalamin, amma fatar matan ta zama kamar mai ƙuraje.

Abokan aiki biyu sun ba ni shawara in bar shi haka, suna cewa masu fim na gwaji da gangan suke neman irin wannan tsagewa, kuma ta dace da tsufan labarin. Gaskiya ne ana nemanta, amma na ƙi. Wannan ne wuri ɗaya a fim ɗin da jiki yake taɓa jiki cikin natsuwa, kuma idan mai kallo ya gan shi a ruɓe, hoton ya riga ya gaya masa cewa taɓawar cuta ce, wato hukuncin 1623 ya dawo ta bayan gida ba tare da na faɗe shi ba. Darasin rubutu dole ya fito tsaf, a ga gashin hannu da ƙwayar takarda, a bar mai kallo da nasa lamirin. Ɗaya naɗin da ya lalace na hotunan tufafi ne da matakala, kuma za a iya yin fim ɗin ba tare da shi ba.

Asarar ita ce Yuro 116 na sabbin naɗi 2 da Yuro 50 na ƙarin yini a ginin. Ragowar naɗin zan wanke su da ruwan da na tara a jarkoki tun da dare, don ya daidaita da zafin ɗaki.

19 ga Maris

An sake ɗaukar darasin rubutu, gobe za a mayar da kyamara. Bai kai na farko ba wajen ɗigon tawada, amma hannuwan sun fi natsuwa.

Naɗin ƙarshe na ba wa shekarun kurkuku. Bayan rahoton 1623 takardu sun yi shiru a kan Benedetta har zuwa watan Agustan 1661, lokacin da wata sista ta rubuta a littafinta cewa ta rasu da zazzaɓi tana da shekara 71, bayan shekara 35 a tsare a cikin gidan. Bartolomea ta riga ta rasu a 1660 a matsayin sista kamar kowa. Ke nan sun tsufa a ƙarƙashin rufi ɗaya, ɗaya a kulle, ɗaya tana wucewa ta wajen ƙofar. Da labarin rasuwar ya fita, mutanen gari sun yi cincirindo suna neman taɓa gawar, abin da ya nuna cewa hukuncin hukuma bai goge ta daga zukatansu ba.

Na kafa kyamara a gaban bango ɗaya daga safe zuwa yamma, na ɗauki hoto 35, kowanne sakan 4, inuwar raga tana matsawa kaɗan kaɗan. Jimla minti 2 da sakan 20 ke nan. Ina sane cewa wasu za su gaji, kuma ba zan rage ko ɗaya ba.

27 ga Maris

Tsarin sauti shi ne a karanta tambayoyin masu bincike da Italiyanci a muryar namiji, a karanta amsoshin Bartolomea da Hausa, domin da Hausa na koyi addu'a da furta zunubi, kuma a cikinta nake jin nauyin amsa tambayar da ba a so a amsa. Wata baiwar Allah daga gida, wadda ta girme ni kuma take da murya mai zurfi, ta yarda tun watan jiya za ta karanta. Jiya da dare ta kira ni ta janye.

Ta ce: “Ƙanwata, fuska ana rufe ta, murya fa? Duk wanda ya san ni zai gane ni da kalma uku. Ina da 'ya'ya mata a gida da ba su yi aure ba.” Na ce: “Anti, kin fi ni gaskiya, kada ki sa wa ranki damuwa.” Ban yi ƙoƙarin shawo kanta ba. Dokar da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya da shekara 10 ga nuna irin wannan alaƙa a fili ko tallafa wa ƙungiyoyinta, amma ba kotu take tsoro ba. Tana tsoron ranar da za a yanko sakan 20 na muryarta a yaɗa a waya, a ce ga 'yar maɗigo, ba tare da kowa ya tambayi ko wace ce Bartolomea ko a wane ƙarni ta rayu ba. Wannan tsoro na gaske ne, kuma 'ya'yanta ne za su biya.

Na auna sauya murya da na'ura, na ga cewa zai mayar da Bartolomea mai laifin da ake ɓoye wa suna a labaran talabijin. Na auna barin amsoshin a rubuce a kan allo ba murya, na ga cewa namiji ne kaɗai zai yi magana a fim ɗin. Abin da ya rage shi ne in karanta da kaina, kuma na yanke hakan. Kafin in shiga ɗakin naɗi zan kira mahaifiyata in gaya mata da bakina abin da fim ɗin ya ƙunsa, don kada ta fara jinsa daga bakin wasu. Na bar kiran sai bayan Ista.

8 ga Afrilu

An mayar da naɗi 10 masu kyau zuwa kwamfuta a kan Yuro 340. Jimlar abin da aka kashe Yuro 1,878 ne, saura Yuro 122.

Tacewar farko ta kai minti 21. Darasin rubutu, addu'ar safiya da bangon shekara 35 sun tsaya da ƙafafunsu. Wurin allura ya yi tsawo, kuma da yake ta ramin ƙofa aka ɗauke shi, ya fara ba mai kallo daɗin leƙen asiri, wanda shi ne abin da nake gudu tun farko. Zan rage shi zuwa sakan 10 in bar sauran a kan idon mai leƙen. Hotunan Vellano babu su, sai sautinsa, kuma ya isa.

Na yi magana da mahaifiyata ranar Talatar da ta wuce. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko har yanzu ina karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake bayarwa a Mas, na ce ina karɓa, ta ce to a bar maganar sai na zo gida. Zan naɗi muryata ranar 15 ga wata a ɗakin wata abokiyar karatu. Mai haɗa sauti ya nemi Yuro 300, don haka na karɓi wani aikin fassara na mako biyu don cike giɓin, abin da zai tura kammalawa zuwa tsakiyar Mayu. Shugabar gidan kullen ta ba da izini in kai kwamfuta ɗakin baƙi ranar 24 ga Afrilu domin tsohuwar sistar ta ga tacewa ta biyu, kuma kafin ranar sai na gama fassarar amsoshin Bartolomea zuwa Italiyanci a ƙasan allo.